Ƙayar da Na Janye a Hanyar Dam

Jama'a, yau da igiyar shanu aka jawo ni!

Da safe na hau kekena mai giya, na ce sai na zagaye dam ɗin nan na wajen Gummi ta cikin daji. Hawa, gangara, duwatsu, har na ci rabi. Sai ga reshen ƙaya an gitta a hanya. Na janye shi, na taka da ƙarfi. Tsundum! Ni da keke cikin taɓo har ƙugu! Ina motsi, ina ƙara nutsewa.

Can sai ga wani dattijo Bafillatani da shanunsa. Gabana ya faɗi, kun san halin da ake ciki.

Ya ce, "Yaro, wa ya ɗauke ƙayata?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."

Ashe shi ya sa ta don kada kowa ya bi wurin! Ya wurgo mini igiya, bijiminsa ya ja ni waje, har da keken. Ya ba ni nono, ya raka ni hanyar tudu, ya ce in dawo Asabar ya nuna mini sauran hanyar.

Da za mu rabu ya ce, "Shanuna ba su yi boko ba, amma in sun ga ƙaya, juyawa suke yi."