Gwangwani Na Uku

"To ka bi matarka garin Kosti mana," in ji Bakhita mai shayi, tana fifita garwashinta da kwali. "Naman da kake gasawa rabi kai ke ci, rabi kuliyoyi."

"Nan tallan ya nuna," in ji Ladan. "Gindin darbejiyar nan."

"Talla! Wa ke duba tallan da aka yi kafin yaƙi, ya Hajj?"

Ladan ya juya tsinkayen namansa a kan wayar gashi.

A Omdurman aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a bakin kogin Nilu, ya zauna. Agashe, tsiren nan da ake birkiɗawa a garin ƙuli da yaji, gadon gidansu ne. Shi Ladan bai san wani talla ba sai hayaƙi.

Ɗansa Amjad ne ya kawo na wayar hannu. Ya ɗauki hoton nama yana tsartuwa, ya sa a Facebook, ya sa a WhatsApp. Mutane suka ƙaru, gardama ta tashi.

"Yaya ka san hotonka ne ya kawo su, ba ƙamshina ba?"

Amjad ya kwana da maganar, ya tashi da dabara. Kowane talla da kalmarsa ta Hausa, wanda ya zo ya faɗa a yi masa gyaran tsinke ɗaya. Ta Facebook "gyaɗa", ta WhatsApp "yaji". Larabawa su zo suna "giyada, giyada", uba da ɗa su ƙunshe dariya. Duk wanda ya faɗa, Ladan ya jefa tsinke a gwangwanin kalmar. In za a tashi, Amjad ya girgiza gwangwanayen a kunnen ubansa: "Ka ji, Baba? Wannan ba ƙamshi ba ne."

A watan azumi ya zaɓi kalma ta uku, ta tallan Sallah: "murhu". Su biyu kaɗai suka sani. Wata Asabar da safe ya haye gada zuwa Khartoum karɓo allon shago da ya bayar a rubuta. A ranar aka fara harbe-harben yaƙi. Ba a ga gawarsa ba, ba a ji sunansa cikin waɗanda aka kama ba.

Da gari ya lafa, Ladan ya dawo ya share wurin, ya jera gwangwanayen biyu. Har yau babu wanda ya jefa musu komai. Wani lokaci iska ta kaɗa su, ya waiga da sauri.

Ran nan bayan la'asar raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya, wata mata ta sauko. Ta yi sallama, ta ce a ba ta tsinke biyar, sannan ta ɗan yi murmushin kunya.

"Mur-hu," ta ce.

Wuƙa ta faɗi daga hannun Ladan.

"'Yata, a ina kika ji wannan?"

Ta zaro waya. Ga namansa, ga darbejiya, ga gefen hannun Amjad. Kwanan watan ranar Sallah ne, bayan ɓatansa da kusan mako.

"A mota na gani, muna gudu," in ji ta. "Na adana. Na ce in Allah ya dawo da ni, sai na ci."

"Bayan ya tafi ne," in ji Ladan. "Bakhita, duba. Bayan ya tafi!"

Bakhita ta leƙa.

"Ya Hajj," ta ce a hankali, "ana saita irin tallan nan tun da wuri, in ranar ta zo ya fito da kansa. 'Yata tana yi."

"Ana saitawa," in ji Ladan. "Ana kuma sawa da hannu."



Ya naɗe wa matar tsinke shida, da albasa da lemun tsami. Da ta tafi, ya roƙi Bakhita gwangwanin madarar da ta gama da shi. Ya ɗauraye, ya ajiye kusa da biyun, ya jefa tsinke ɗaya. Ya girgiza a kunnensa.

"Kostin fa?" in ji Bakhita.

"Ki duba mini wuta," in ji shi. Ya saɓa buhu, ya nufi wurin mai gawayi.