Hajiya Atika da Kwayil Mai Ɗigon Jan Farce

Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Atika mai abinci, ta unguwar Sharada. Jininta ne ya hau, ta faɗi a gaban murhu ranar Litinin da yamma, ba ta sake magana ba. Shi Ya ba mu aronta, Shi Ya karɓi abinSa, kuma can dukanmu muka nufa. Wannan ban ja da shi ba.

Abin da nake ja da shi, Yaya Atika, shi ne maganganun da na ji a zaman makokinki. "Baiwar Allah, ba ruwanta." "Ga haƙuri, ga kawaici, ko muryarta ba ka ji." Na zauna a kan tabarma ina bin bakunansu da kallo, har na fara tunanin ko ɓatan gida na yi. Ke ce ba a jin muryarki? Ke da mai gadin kamfaninmu yake sanin isowarki tun kafin ya hango mota? An kai ki makwanci sau ɗaya, sannan aka dawo ana neman sake binne ki a ƙarƙashin yabon da ake shimfiɗa wa kowace mace idan ta mutu. Ni ban yarda ba. Mai tambaya ce ke, mai naci, mai gardama, kuma saboda haka muka so ki.

Ga wanda bai san ta ba: mata huɗu ne suke girki a gidanta. Kafin azahar za a jera kuloli a bayan wata farar akori-kura, ita da kanta ta ja, ta tsaya a ƙofar kamfanonin Sharada daidai lokacin da ma'aikata suke fitowa hutu, da la'asar kuma ta miƙa Challawa. Ni mai kula da sito ce a wani kamfanin roba, kuma na fi shekara goma ina cin shinkafarta.

Motar maigidanki ce. Da ya rasu aka ce ki nemi direba, kika ce sai kin fara sanin abin da direban zai riƙa ɓoye miki. Kika koyi tuƙi kin haura arba'in. Ba a daɗe ba motar ta mutu miki a tsakiyar titi, abinci yana hucewa a baya. Bakaniken da aka kira ya kwance fulogai, ya goge su da sanfefa, ya wanke da fetur, ya mayar. Ke kika ba ni labarin yadda kuka yi.

"Me ka goge?"

"Datti ne, Hajiya."

"Daga ina dattin ya shiga, wurin a rufe yake?"

"Ai haka yake."

Duk duniya babu maganar da kika tsana kamar "haka yake". Daga ranar kika hana a jefar da tsohon fulogi. Kina da wata tsohuwar samira a ƙarƙashin kujerar mota, cike da su. Idan na fito cin abinci layi bai yi tsawo ba, sai ki zaro guda ki kai mini shi dab da hanci. Wannan da bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya ya tsufa. Wannan mai baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi masa yawa. Wannan mai danshin baƙin mai, ba laifinsa ba ne, ciwon yana can cikin inji. Na ce miki na karanta cewa kamfanin mota yana faɗin kilomita nawa za a yi kafin a canza. Kika nuna mini mitar motarki da ta daɗe da tsayawa, kika ce, "To Malama mai karatu, karanta mini wannan." Sannan kika tambaye ni ko wanda ya rubuta lissafin ya taɓa tsayawa a bayan tirela a Dakata, inji yana ci mota ba ta motsi, ko ya taɓa sayen fetur ɗin galan.

Naki lissafin a jiki yake. Idan mota ta fara nawar tashi da safe, idan tana karkarwa a tsaye, idan ta koma shan mai kamar an huda tanki, idan an ɗora mata kaya ta kasa ja, to lokaci ya yi. Ba a jira ta tsaya a titi. Gogewa da sanfefa kuwa, kin ce jinkirta magana ce kawai. Fulogi, dukan huɗun ake canzawa rana ɗaya, tunda tare suka tsufa. Kwayil, wato abin da yake zaune a kan kowane fulogi yana aika masa wuta, shi ba a taɓa shi sai wanda ya gaza. Kuma ke kika gane, da kanki, cewa tsohon fulogin da bakinsa ya cinye shi yake wahalar da kwayil har ya kashe shi. Ranar da kika gano haka, da murna kika zo, kamar an yi miki jika.

Ba a kan mota kaɗai tambayarki ta tsaya ba. Kin lura ma'aikatan jima na Challawa suna dawo miki da nama a kwano. Wata da ta ce tsada ce ko iyayi. Ke sai da kika tsare wani mutumin Maraɗi kika tambaye shi, ya ce wanda ya yini cikin warin ɗanyar fata ba ya iya haɗiye nama. Washegari kika fara yi musu wake da alayyafo a kula ta daban. Ranar da inji ya kama hannun wani ma'aikacinmu, kafin a gama neman makullin motar kamfani kin sauke kuloli a ƙasa kin kwashe shi zuwa asibiti. An ce kin hana ma'aikaciyar jinya sakat da tambayar dalilin da ya sa ake ɗaure hannu a sama da ciwo. Da mahaifin Esta ya rasu, Esta 'yar Zonkwa da ta fi kowa daɗewa a wurin girkinki, ke kika kai ta har gida a wannan motar, kika kwana biyu, kika dawo da tambayoyi a kan yadda ake noman citta.

A wannan daminar motar ta fara karkarwa. Kin san fulogan sun wuce lokaci, amma sau biyu ana sayar miki da jabu a kwali mai kyau kina mayarwa. Allah Ya isa tsakaninmu da masu wannan sana'a. Ranar Lahadi kika kira ni a waya. Kin gano cikin silinda huɗun injin, kowace da fuloginta da kwayil ɗinta, ta biyu ce ba ta ci. Abin da ba ki sani ba shi ne ko kwayil ne, ko kuwa ciwon ya shiga inji. Sai kika ɗiga wa kwayil ɗin jan farcen Ummi, 'yarki, kika mayar da shi kan ta huɗu, na huɗun kika dawo da shi ta biyu. "Idan ciwon ya bi shi, nasa ne," kika ce. "Idan ya zauna a inda yake, to Badi'a, mun shiga uku. Talata zan duba, zan gaya miki."

Talata kina asibiti.

Ranar sadakar uku, ba a gama naɗe tabarmi ba, Malam Labaran ƙaninki ya shigo da wani mutum. Ummi kaɗai kika haifa, saboda haka Malam Labaran yana da rabo a gadonki. Wannan hukuncin Allah ne, babu mai musu. Mutumin ya tayar da mota, ya saurara kaɗan, ko bonet bai ɗaga ba, ya girgiza kai ya ce inji ya tafi, amma saboda zumunci zai taimaka ya ɗauke ta a kuɗin gwangwan, wato na tsohon ƙarfe. Ina daga soro ina jinsu. Idan motar nan ta fita daga gidan, murhu ya mutu. Mata huɗu sun koma gida, Ummi ta rasa sana'ar da take hannunta, ma'aikata kuma su koma biredi da ruwan leda. Na ji raina ya ɓaci. Amma gaskiya, tare da ɓacin ran akwai wani abu da ya hana ni sukuni tun ranar jana'iza: shin ciwon ya bi kwayil ɗin, ko bai bi ba?

Na fita na ce, "Malam Labaran, ku yi haƙuri. Marigayiya ta bar tambaya a cikin motar nan, ba a amsa ba."

"Malama Badi'a, yau ranar tambaya ce?"

"Ranar ciniki ce?"

Mai sayen ya yi dariya ya ce shi shekararsa ashirin yana jin kukan inji. Esta ta fito tana goge hannu a zani, ta ce, "Oga, to ƙara da na yau." Ta ɗaga bonet. Ita ce take riƙe miki sifana duk shekarun nan.

Ummi ta shiga ta tayar. Motar tana karkarwa, gilashi yana kaɗawa. Ga kwayil huɗu a jere, ga ɗigon jan farce a kan na ƙarshe. Ummi ta hango shi ta ƙarƙashin bonet, ta kifa kai a kan sitiyari. Aka jira ta.

Yadda kika koya mana ke nan: inji yana ci, a zare wayar kowane kwayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare inji ya ji a jikinsa, yana aiki. Wanda aka zare babu abin da ya canza, dama can ba ya yin komai. Esta ta zare na farko, inji ya durƙusa kamar zai mutu, ta mayar. Ta kai hannu na biyu, inda ciwon yake a da, ta tsaya ta dube ni. Idan aka zare wannan bai canza ba, mai gwangwan ya yi gaskiya, kuma ni ce na tara mutane a kan banza. Ta zare. Inji ya durƙusa. Na uku ma haka. Ta zare mai jan farce, motar ta ci gaba da karkarwarta kamar ba a taɓa ta ba.

Ya bi shi, Yaya Atika. Ciwon ya bi shi. Injinki lafiya lau.

Malam Labaran ya matso ya ce a sake, yana so ya gani da kyau. Aka sake. Ya ce, "To me ya sa na jan ne kawai?" Esta ta fara yi masa bayani, ya sake jefo wata tambayar, sai Ummi ta ɗago tana hawaye tana dariya ta ce, "Kawu, wallahi kamar Umma." Nan ya juya baya ya rufe fuska da hannun riga. Da ya juyo ya ce shi abin da aka gaya masa ya faɗa. Na yarda da shi. Mai sayen kuwa ya tuna yana da wani uzuri a Bompai.

Washegari Malam Labaran da kansa ya tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tare da Esta, suka zo da kwayil guda da fulogai huɗu, bayan sun mayar da jabun shago biyu. Ya ce motar ta ci gaba da aiki, idan lokacin rabo ya yi a kira masu tsoron Allah su yi mata kuɗi a matsayin mota mai rai, Ummi ta riƙe ta, a daidaita. Ranar Litinin da azahar na ji hon a ƙofar kamfani. Ummi ce a sitiyari. Mutanen da suka yi mako suna cin biredi suka tsaya a layi suna kallon motar, har sai da Esta ta daka musu tsawa cewa miya tana hucewa.

Ni kuwa tun ranar nake tunanin gwajin nan naki. Akwai mutanen da ake zarewa daga cikin jama'a, a yi zaman kwana uku, a watse, komai ya ci gaba yadda yake. Ke da aka zare ki, daga Sharada har Challawa sai da aka durƙusa. Wannan shi ne shaidar da zan bayar, ba kawaicin da ba ki da shi ba.

Saura tambaya guda. Esta ta ce wannan ne karo na biyu da kwayil yake mutuwa a kan silinda ta biyu, kuma duka a damina. Kin taɓa ce mata kina zargin ruwa ne yake ɗiga a wurin. Ba mu sani ba tukuna. Mun sa wa sabon ɗigon jan farce, kuma idan aka yi ruwa na gaba za mu ɗaga bonet mu duba. Babu wanda zai ce mana haka yake.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummi, da Malam Labaran da iyalinsa, da Esta da abokan girkinta, da ma'aikatan da suka ci daga hannunta. Allah Ya ba mu haƙurin da aka yi ta jingina mata. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Atika, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sanya cikin da ta ƙosar da raunin da ta ɗauka a mizaninta. Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi. Ta yi rayuwarta tana tambaya, yanzu ita ake tambaya: Ka tabbatar da harshenta a kan amsa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Badi'a Sule Gaya
Sharada, Kano