Robar da Aka Wanke

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne raba abin da ya gauraya. 'Yan sanda su kawo jini ko fitsari ko ragowar lemo, mu zuba a na'ura, ta bi da shi ta wani siririn bututu, kowane sinadari ya fito shi kaɗai. Na daɗe ina fama da taramol, domin in an haɗa shi da maganin tari da lemon ƙarin kuzari, a cakuɗe suke fitowa. Da na samu suka rabu, na cika baki har a unguwarmu Nima, inda dama Dokta ake ce mini don tsokana.

Sai ɗan yayata, mai tuƙa okada, ya yanke jiki ya faɗi a bakin babbar kwata da robar lemo a hannu. Ina can unguwar Madina aka kira ni. Kafin motar haya ta fita daga cunkoso an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi. Ban ga laifin kowa ba, haka muke yi, gawa ba ta jira. Amma ko ɗigon jini ban samu ba.

Unguwa ta rabu biyu: masu cewa ƙwaya ya sha, da masu cewa zuba masa aka yi. Yayata ta ja ni ɗaki.

"Dokta, injin naku ya gaya mini gaskiya. Yarona ba ya shan ƙwaya."

"Yaya, ina robar?"

"Yana nan, ba mu yar ba."

Ta nuna mini bokitin ƙanƙara a tsakar gida. Sana'arta sayar da zoɓo, wanda a nan muke kira sobolo, kuma a gidanta ba a zubar da roba. Matan da suka zo taya aiki sun haɗa ta da sauran, sun dirje da sabulu da ruwan zafi, sun cika da sobolo don masu ta'aziyya.

Na kwashi robobin duka zuwa wajen aiki, ina sane aikin banza nake yi. Na'urar ta ware mini zoɓo, ta ware citta, ta ware kanumfari, tsaf, babu wanda ya hau kan wani. Ban taɓa jin haushin gwanintata kamar ranar ba.

Har yau in na je gaishe ta, sai ta bari na gama cin abinci, sannan ta rage murya.

"Dokta, injin bai yi magana ba?"

Ni kuma in ce mata ana kan dubawa.