Katifar da Ba Ta Kai Saƙo

A Zuru, idan ka sauko daga kasuwa ka kama hanyar Dabai, za ka ga wata rumfar kwano a gindin rimi. A nan Philemon ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ɗinka katifa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Farin da ke kansa iri biyu ne: akwai furfura, akwai audugar rimi, kuma tun da daɗewa matarsa Keziah ta daina ƙoƙarin raba su.

Yayyensa maza uku duk soja suka shiga. Shi ma ya je layi, aka auna tsayinsa, aka ce ya koma gida. Ya koma ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake so, damina bakwai a gonar mahaifin Keziah a gindin dutse. Ranar da aka kawo ta ba shi da gado, sai buhuna uku da ya haɗa ya cusa musu ciyawa. Da safe amarya tana hura wuta, ba tare da ta ɗago kai ba ta ce duk jikinta ƙaiƙayi yake. Wannan maganar ce ta ba shi sana'a. Ya tafi Bena wurin wani tsoho mai ɗinkin katifa, ya yi rani biyu, ya dawo da basilla uku da hannu mai sanin yawan audugar da ƙugu ke so.

Yana da tasa hanyar aiki. Bai taɓa tambayar mutum irin katifar da yake so ba, don a ganinsa ba wanda ya san yadda yake barci. Sai ya ce, “Kawo mini tsohuwar.” In an kawo, ya shimfiɗa ta a rana, ya tsuguna, ya bi ramukan da tafin hannu. Mai kwanciya rigingine rami ɗaya yake bari, mai faɗi, daidai ƙugu. Mai kwanciya a gefe yakan bar biyu, na kafaɗa da na kwankwaso. Tsofaffin sojoji a bakin katifa suke kwana, a miƙe, kamar har yanzu suna jiran a busa usur. Wata rana wata mata ta kawo katifa, gefe ɗaya ya lotsa, ɗayan yana nan da tudunsa. Bai tambaye ta yaushe mijinta ya rasu ba. Ya ɗinka mata ƙarama, don kada ta riƙa miƙa hannu tana taɓa wofi.

Da katifar soso ta cika kasuwa, aiki ya ragu, amma bai rufe rumfa ba. Ya koyi yanka soso, yana sake wa tsofaffi riga, yana gyaran kujeru. A haka suka yi rainon ’ya’ya huɗu.

Shekara biyu da suka wuce, da hantsi, ya faɗi a rumfar da basilla a hannu. Hawan jini ne. Ya yi mako uku a asibiti, ya tashi, sai dai hannun hagu ya zama kamar baƙon da ake kira sau biyu kafin ya amsa. Tun daga lokacin idon Keziah bai bar kansa ba.

Ana saura kwana goma Kirsimeti, autarsu Glory, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta aiko da kwali a saman mota. Da aka yanke ledar da ke ciki, abin ya warware a tsakar gida, yana shan iska yana tashi kamar ƙullin burodi.

“Baba, katifa ce gauraye,” in ji Glory a waya. “Ƙasa sifirin, sama soso. Don bayanka da kwankwason Mama. Kuma don Allah kada ka farke ta.”

“Ni? In farke kyauta?”

Tana kashe wayar ya ɗauko reza. Kusurwa ɗaya kawai ya buɗe, ya leƙa. Sifirin ne ɗaruruwa, kowanne a cikin ’yar jakarsa ta yadi, kowanne yana lotsawa shi kaɗai ba ruwansa da na kusa. A samansu soso hawa uku. Na can sama, in ka danna shi, yakan riƙe siffar hannunka na ɗan lokaci, sannan a hankali ya manta.

Kafin a shigar da ita ɗaki sai da ya gwada ta a kan maƙwabta. Ya kira Nasiruddeen mahauci, ƙato, mai kwanciya a gefe, da Haggai, tsohon saje, siriri kamar karan dawa, mai kwanciya rubda ciki.

Nasiruddeen ya cire hula ya kishingiɗa. Kafaɗarsa ta nutse, ƙugunsa ya tsaya daidai, ƙashin bayansa ya miƙe kamar an ja zare.

“Kai, Baba Philemon, wagga katifa ta san mutunci,” in ji shi, ido a rufe. “Ku tashe ni in an kira la’asar.”

“Tashi, kada ka shafa mata kitse,” in ji Haggai. Ya kwanta rubda ciki, bai yi minti biyu ba ya miƙe yana dafe ƙugu. “Wannan ai fadama ce. Cikina ya tafi ƙasa, bayana ya lanƙwashe. A bar ni da tabarmata.”

“Wane ciki, Saje? Kai da ko inuwarka ta fi ka nama?”

Philemon ya yanke hukunci kamar alƙali. Ya ce mai nauyi zai ji daɗinta, don sifirin na ɗaukarsa ba ya bari ya kai ƙasa. Mai kwanciya a gefe ma haka, soson na yi wa kafaɗa wuri. Mai jin zafi zai samu sauƙi, don iska na yawo a tsakanin sifirin. Amma mai rubda ciki yana son wadda ta fi wannan tauri, kuma mutumin da ya yi shekara talatin a kan gadon bariki ba abin da zai gamsar da shi sai ƙasa.

Sannan ya yi gwaji na ƙarshe. Ya cika kofi da ruwa ya ajiye a gefe ɗaya, ya ce Nasiruddeen ya faɗa ɗaya gefen da dukan nauyinsa. Mahaucin ya faɗa, ya juya, ya sake juyawa. Ko ɗigo bai zube ba. Aka yi shewa da tafi.

“Shekara arba’in ina neman wannan,” in ji Philemon. “Miji ya yi ta birgimarsa, mata ba za ta ji ba.”

Keziah na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma ba wanda ya lura.

Tsohuwar katifarsu ta audugar rimi ce, shi ya ɗinka ta da hannunsa shekarar da aka haifi Glory. A makon nan ya farke ta, ya shanya audugar, ya yi matasan kai da ita ya raba wa jikoki.

Barci ya zo wa Philemon irin wanda ya manta da shi. Yakan tashi da safe yana fito, bayansa ba ciwo. Keziah kuwa ta fara raguwa. Ƙasan idonta ya yi duhu. Ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. A taron zumuntar mata ta yi gyangyaɗi har littafin waƙa ya zame daga cinyarta. In ya tambaye ta sai ta ce lafiya lau, tsufa ne. In Glory ta kira ta ce, “Mama, yaya katifa?” sai ta ce, “Sai godiya, ’yata, kamar a kan gajimare.”

Wata safiya ta fita kai niƙa, shi kuma ya yi abin da ya iya. Ya yaye zanen gado, ya tsuguna, ya bi gefenta da tafin hannu yana neman rami. Babu. Katifar ta miƙe sumul kamar ruwan tafki, ba ta riƙe labarin kowa ba. Mutumin da ya karanta barcin rabin gari ya kasa karanta na matarsa.

Zai miƙe ke nan ya ga bango. A gefenta, sama da kan gado da kamu biyu, akwai wani tabo mai maiƙo, faɗinsa kamar na faifai ƙarami. Ya kai hanci. Man kaɗanya ne, wanda take shafa wa gashinta. Kan mai kwance ba ya kaiwa nan. Sai kan mai zama, wanda ya jingina da bango, dare bayan dare.

Da ta dawo ya karɓi garin daga kanta, abin da bai saba yi ba, ya jawo mata kujera.

“Maman Glory, tun yaushe kike kwana a zaune?”

“Wa ya gaya maka?”

“Bango.”

Ta dubi hannuwanta masu farin gari. Da ta fara magana, rabi da Hausa ta yi, rabi da C’lela, yarensu na gida, kamar yadda take yi in magana ta yi nauyi.

“A waccan tsohuwar, in ka juya ina ji. In ka yi tari, tana kawo mini. Ko numfashinka, in na kwanta shiru, ina jin sa a bayana. Tun da ka faɗi, da wannan nake barci. Ba sai na buɗe ido ba, jikina na sanin kana nan. Wannan kuwa ba ta kawo mini komai. Kamar ni kaɗai ce a ɗakin. Sai in tashi in sa hannu a hancinka. In na koma na kwanta, sai in ce to, yanzu fa?”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Yarinya ta yi ƙoƙari. Kai kuma ka samu barci. Ka ga yadda kake fito da safe?” Ta yi ɗan murmushi. “Kuma gaskiya kwankwasona na son ta. Zuciyata ce ba ta so.”

Philemon ya tuna kofin ruwa da tafin da aka yi. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yana kallon kaji suna tsattsagar garin da ya zube.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Suka ja katifar zuwa inuwar mangwaro, ya farke gefenta gaba ɗaya, ya naɗe soson baya. Ya ɗauko babbar basillarsa ta Bena da igiyar ɗinkin buhu. Abin da ya yi niyya shi ne ya haɗa sifirin da masu kamfani suka raba: ya ɗaure kan wannan da na wancan, layi-layi, daga gefensa zuwa gefenta, layi biyu daidai kafaɗa, layi biyu daidai ƙugu. Sauran ya bar su yadda suke, don kwankwasonta ya ci gaba da samun wurin nutsewa.

Hannun hagu ya ƙi ba shi haɗin kai. Yakan zura basilla da dama, amma ƙullin na kwancewa. Sai Keziah ta ɗaure zane, ta durƙusa a ɗaya gefen. Shi ya tura, ita ta ja ta ƙulla. Shekara arba’in da ɗaya yana wannan sana’a, ranar ce ta fara taɓa basillarsa.

Haggai ya leƙo ta saman katanga.

“Lallai tsufa ya zo. An aiko maka da mota, kana mayar da ita amalanke?”

“Saje, je ka kwanta a tabarmarka.”

“Sai na gaya wa Glory.”

“Ka gaishe ta,” in ji Keziah, ba ta ɗago ba, igiya a haƙora.

Kwana uku suka yi. A na uku, bayan azahar, ya mayar da soson, ya ɗinke gefen da ƙananan ɗinki irin nasa da ba a ganin bakin zare. Ya cika kofin nan ya ajiye a gefenta, ya zagaya ya kwanta a nasa, ya juya. Ruwan ya yi rawa, ya taɓa baki, ɗigo biyu suka sauka a kan yadi.

“Kin gani? Na ɓata ta.”

Keziah ta ɗauke kofin ta shanye ruwan. Ta kwanta a wurinta, ta ba shi baya kamar kullum, ta rufe ido.

“Juya in ji.”

Ya juya.

“Na ji,” in ji ta. “Sake.”

Ya sake, ya ƙara da ɗan tari. Ta yi wata ’yar dariya a maƙogwaro. Ya jira kaɗan, ya juya a karo na uku, ya ce, “Yanzu fa?”

Numfashinta ya yi tsawo, hannunta ya saki a kan zane, har yanzu da shatin igiya a yatsunta. Inuwar ganyen mangwaro na yawo a kumatunta. Wata kaza ta hau gefen katifar, ta dube su, ta sauka.

Akwai kujera biyu da ke jiran sa a rumfa, kuma ya yi wa mai su alkawarin yamma. Philemon bai tashi ba. Ya kwanta yana kallon sama ta tsakanin rassa, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya motsa kafaɗa a hankali, don saƙon ya isa.