Tantin da na kai wa Baba gona

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina mai mota, sabon tanti a bayanmu. Baba zan kai wa. Duk lokacin sanyi a gonar tumatirinsa ta wajen Bunkure yake kwana yana gadin injin ban ruwa, cikin wata bukkar kara, kuma bana tarinsa ya fara ba ni tsoro.

A Kura muka tsaya shan shayi da ƙosai. Kwandunan tumatir jere a bakin titi, arha kamar a ce ɗauki kyauta. Daga nan muka bi gefen magudanar ruwa, alkama kore shar dama da hagu, ramukan hanya suna ta gaisawa da ƙugunmu. Abokina ya sauke ni ya wuce kasuwa.

Ni na zaɓi wurin kafa tantin, daf da ruwa, don ya fi kyan gani. Da magariba na zuge duk zif, na toshe 'yar tagar sama da tsumma, har na ƙara leda. Baba yana kallona, bai ce komai ba sai "Allah ya yi albarka."

Da gari ya waye na farka a bushe, bargo biyu a kaina, na biyun na Baba ne. Rufin tantin kuwa ya yi gumi yana ɗiga, Baba na zaune a gefe, kafaɗar rigarsa sharkaf, yana danne tari kada ya tashe ni.

"Baba, ruwa aka yi?"

"Numfashinmu ne. Ka hana shi fita, ya dawo mana."

"Me ya sa ba ku faɗa ba jiya?"

"Na ga kana ta murna."

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya cika min zuciya. Ranar shi ya zama malami. Muka mayar da tantin kan tudu nesa da ruwa, muka shimfiɗa buhuna a ƙarƙashin tabarma, muka cire tsumma da leda, muka ɗora zana a sama da ɗan rata. Barguna muka shanya a rana, jiƙaƙƙen takalmi kuma aka bar shi waje. Kwana na biyu ko ɗigo babu.

Na dawo gida da kwandon tumatir da darasi guda: kafin ka gyara wa tsoho wurin kwana, tambaye shi yadda yake kwana. Jiya na kira shi, muka daɗe muna hira, tarin sau ɗaya na ji. Ya ce tagar na nan a buɗe, kuma bargon nan na biyu ya ajiye min.