Haladu da Ruwan da Ba Ya Jiran Hadari

Duk wanda ya san bakin gulbin Gagare a Kaura Namoda ya san Haladu Masunci. A da bakinsa ya fi homarsa faɗi. In ya kama tarwaɗa ɗaya, kafin ya iso kasuwa ta zama bakwai, babbar kuma sai da jaki aka ɗauko ta. Ya ce ruwa ko na cikin randa ne gaishe shi yake yi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai kasuwar amininsa Gado ta mutu, don rabin fasinjojinsa matan Kasuwar Daji ne. Haladu ya zuga shi su bi motar shanun abokinsu Mudi zuwa Fatakwal, su ga teku. Gado ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Tsohuwarsa Asiya ta riƙe hannun Haladu ta ce, "Ɗa guda gare ni. Ka maido min shi."

"Haba Inna! Ni da ruwa? Ko tahin ƙahwatai ba ya jiƙewa."

Can su uku suka yi hayar kwale-kwale na kwana uku, suka shiga mashigin ruwan gishiri da taru da jarkar ruwan sha da garin kwaki. Mai jirgin ya so ya bi su, Haladu ya ce jikan masunta ba ya neman ɗan jagora. Kwana biyu suna sauka rugar masuntan wurin, Haladu na ta yi musu dariya, wai sun ɗora ɗakunansu bisa dogayen itace kamar rumbu, ga shi ko yayyafi babu.

Rana ta uku da hantsi ruwa ya janye, wani fili na yashi ya fito, sak Gagare da rani. Suka jawo jirgin kan yashi, ba su ɗaure ba, suka yi nisa suna tsintar kifi cikin ramuka. Wata mata ta wuce a jirginta tana yi musu ihu, tana nuna ruwa.

Gado ya ce, "Haladu, mi take hwaɗi?"

Haladu ya ɗaga kai ya duba gabas, yadda kakanninsa ke yi. Sama fes. "Ƙyale ta. Gulbi na cika ba hadari?"

Wannan na cika, don ruwan teku kullum janyewa yake ya dawo. Kafin azahar ya ɗauke jirgin, ya zagayo ta bayansu. Mudi ya yi iyo ya kama saiwar itace. Haladu ya goya Gado, ruwa a gwiwa, ruwa a ƙirji, sannan ƙasa ta ɓace. Ya rantse bai sake shi ba. Rigar Gado dai ta rage a hannunsa.

Sun yi kwana huɗu suna nema. Da suka dawo, Asiya ta karɓi rigar, ta ce, "Ina kuka sa shi? A wace maƙabarta?" Har ta rasu tana yi wa Haladu wannan tambayar.

Bai ƙara jefa homa ba. Yanzu da rani, Gagare ya ƙafe ƙaƙas, za ka same shi a gaɓa ya kafa kara cikin yashi yana dubawa. In masu ɗibar yashi suka daɗe a tsakiya, sai ya miƙe yana kira, "Ku hito! Shina dawowa!" Taubasansa na tsokanarsa kan sanƙonsa da rowarsa da tarwaɗar jaki. In ya fara wannan kiran kuwa, kowa sai ya sunkuyar da kai.