Gida Huɗun da Na Zana wa Yaya

A shekarata ta biyu a jami'a, a darasin gadon halitta, aka haɗa mu da yis. Ni da na san shi a ƙullin fanken yayata, sai ga shi an ce mu aurar da shi. Wani ja ne, wani fari. Wani yakan tsiro a kowane abinci, wani sai an yi masa ƙari. Mukan zana tebur mai gida goma sha shida a takarda, mu jera halayen gadon uwa a sama, na uba a gefe, mu faɗi yadda 'ya'ya za su fito tun ba su zo ba. Na iya abin, kaina kuwa ya kumbura fiye da ƙullin.

A gidan Yaya nake zaune lokacin, a unguwar Gamkalley. Wata biyar ke nan da ciwon emasi, wanda wasu ke kira amosanin jini, ya ɗauke ɗanta na fari. A likita an shaida musu ita da mijinta duk suna ɗauke da shi. Tun daga nan ta jingine kaskon suya, ta ce ita da haihuwa har abada.

Wata rana da hantsi ta tarar da ni ina cika gidajen.

"Auta, dara kike yi ke kaɗai?"

Na yi mata bayani, har da iyayi. Sai ta ce, "To, zana mini namu."

Nasu hali ɗaya ne, gida huɗu ya isa. Na zana a bayan kayena, wato littafin rubutuna: ɗaya lafiyayye, biyu masu ɗauke da shi kamar ita, ɗaya mai ciwo. Ta ɗora yatsa a kan na ƙarshen.

"Wannan shi ne ya tafi. Ke nan saura uku masu lafiya."

Na san ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, tebur bai san wanda aka binne ba. Malaminmu ya nanata mana wannan har mun ƙosa. Amma ranar ce na fara ganin haƙoranta tun bayan zaman makoki, sai na bar ta a haka. Na ce a raina gobe zan gyara maganar. Kafin goben ta zo ta koma suya, ta koma tsokanar masu lambu idan sun zo sayen fanke, daga baya ta raɗa mini cewa tana da ciki. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Ta haifi mace. A wata na bakwai hannuwan yarinyar suka kumbura, kuka ba ƙaƙƙautawa. Aka ɗebi jininta, ni na raka Yaya karɓo sakamako. Ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatu ba, don haka a bakin ƙofar likita ta miƙo mini takardar, tana jijjiga goyonta. Na ga haruffa biyun, SS na mai ciwo, tun kafin in gama warware ta.

"Karanta mini, Auta," in ji ta. "Wane gida ne cikin ukun?"